Gani Bai Kori Ji Ba: Tsofaffin Hotuna da Kundin Ƙuruciya a Tasawa da Mayahi

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Maganar gaskiya ce a gaban alƙali da bakin kasuwa, amma ba ta cika a kan tsohon hoto. Wanda ya ɗauki hoton da aka wanke shekara hamsin da suka wuce zai ga fuska da tufafi da bango, sai dai ba zai san ko wace ce yarinyar da ke tsaye a gefe ba, ko dalilin da ya sa aka yi mata kitso irin wannan, ko inda aka nufa bayan mai hoto ya naɗe kayansa. Duk wannan yana bakin wani tsoho ko wata tsohuwa, kuma ranar da bakin ya rufe hoton ya zama takarda kawai. Ra'ayina shi ne, ya kamata mu ɗaliban kimiyyar harshe, musamman waɗanda suka fito daga gundumomin Tasawa da Mayahi, mu ɗauki aikin haɗa kundin ƙuruciya na gidajenmu a matsayin aikin ilimi. Abin da nake nufi da kundin shi ne littafin da ake manna tsofaffin hotuna a ciki, a rubuta labarin kowane hoto a ƙarƙashinsa, da harshen wanda ya ba da labarin, kamar yadda ya faɗe shi.

Abin da ke ƙasan akwati

A gidaje da yawa na Tasawa da Maijirgi da Korgom da Urafan, haka kuma a Mayahi da Kanambakashe da Isawan da Cake, akwai ƴan hotuna da ake ajiye da su a ƙasan akwatin ƙarfe, ko a cikin kwanon jeren uwargida, ko a tsakanin takardun gona. Ba su da yawa, domin a da ɗaukar hoto sai da dalili. Akwai ƙaramin hoton katin ɗan ƙasa, da na fasfon aikin Hajji, da na jarrabawar ƙarshen firamare. Akwai hoton Sallah, inda ƙawaye suka yi anko suka jeru a gaban labulen mai hoto. Akwai na ɗan ci-rani da ya aiko daga Kano ko Legas ko Arlit ko Libiya, yana riƙe da rediyo, ya ja hannun riga don agogo ya fito. Akwai na ƴan Samariya a zamanin Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987.

Waɗannan hotuna suna da maƙiya uku. Na farko gara da laima: ruwan daminar 2024, wanda ya rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, bai tambayi abin da ke cikin akwati ba kafin ya shiga. Na biyu rabon gado: ana raba gona da dabba da tufafi, hoto kuwa ba ya cikin lissafi, sai ya faɗa hannun yara ko a share shi tare da shara. Na uku, wanda ya fi su ɓarna, shi ne mutuwar masu bayani. Hotunan wayar salula ma ba su tsira ba. Mun fi iyayenmu yawan hotuna nesa ba kusa ba, amma waya ɗaya ta faɗa rijiya, ko katin ajiya ya lalace, sai ƙuruciyar yaro gaba ɗaya ta bi ruwa.

Ina ruwan ɗalibin harshe?

Mai karatu zai iya cewa wannan aikin ƴan tarihi ne. Amsar tana cikin tarihin nazarin Hausa kansa. Ɗaya daga cikin tsofaffin dogayen rubutun Hausa da boko labarin ƙuruciya ne. Dorugu yaro ne daga Dambanas, kusa da Kance, gabas da Tasawa. An kama shi bawa yana ƙarami, Adolf Overweg ya ƴanta shi, sannan ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. A can ne J. F. Schön ya zauna da shi yana rubuta abin da yake faɗa game da gidansu da mahaifinsa da kamunsa da tafiye-tafiyensa. Maganar wannan yaro tana cikin abin da Schön ya dogara da shi wajen nahawunsa na 1862, kuma labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Har yau mai son ya san yadda Hausar wannan yanki take a tsakiyar ƙarni na 19 sai ya koma ga bakin Dorugu.

Sai a kwatanta da Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Littafin da ya fito a 1954 da Ingilishi ya fito. Masana zamantakewa sun ƙaru da shi ƙwarai, amma wanda ya karanta shi a haka ya ji abin da Baba ta ce ne, bai ji yadda ta ce ba. Mu kuwa abincinmu yana cikin “yadda”.

Tasawa da Mayahi wuri ne da wannan “yadda” yake da daraja ta musamman. Tasawa tana kusan tsakiyar hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma tana cikin garuruwan da Katsinawa suka riƙe bayan jihadi ya fitar da sarautar Haɓe daga birnin Katsina a farkon ƙarni na 19. Barth ya sauka a cikinta a Janairun 1851 ya bayyana kasuwarta da gidajenta. Mayahi tana kan Gulbin Kaba, inda manoma Hausawa ke cuɗanya da Fulani da Buzaye makiyaya. A irin wannan wuri ne karin Katsina da na Gobir da na Damagaram ke gogayya. A bakin tsofaffi da yawa za ka ji “munka tahi” a inda littafin makaranta ya ce “muka tafi”, ka ji “ɗiya” a maimakon “ƴa”, ka ji “wanga” a maimakon “wannan”. Wane ƙauye ne ke riƙe da wane siga? Shin ɗan shekara ashirin a Mayahi, wanda ya tashi da finafinan Kano da saƙonnin murya na WhatsApp, yana magana kamar kakarsa? Ba a amsa irin waɗannan tambayoyi daga cikin aji. Sai an tara magana mai yawa, daga bakuna masu yawa, an rubuta sunan gari da shekarun mai magana.

Hoto kuma shi ne mabuɗin da ya fi kowane saurin buɗe baki. Duk wanda ya taɓa fita aikin tattara bayanai ya san abin da ke faruwa idan aka ajiye na'urar ɗaukar magana a gaban dattijo aka ce ya yi magana: sai ya gyara zama, ya gyara harshe, ya koma Hausar rediyo. Wannan ita ce matsalar da William Labov ya yi bayani a kanta, cewa muna son mu ji yadda mutane ke magana idan ba a sa musu ido ba, alhali ba mu da hanyar ji sai mun sa musu ido. Miƙa wa tsohuwa hoton ƙawarta ta budurci ka ga bambanci. Hankalinta zai bar na'urar ya koma kan fuskar, ta yi dariya, ta yi salati, ta kama labari da harshen da ta yi wasan gaɗa da shi.

Taskar da ke cikin bayanin hoto ɗaya

A ce hoton yara uku ne a ƙofar gida, an ɗauke shi wata Sallah. Tambayar farko, su wane ne, ta isa ta buɗe babin nazarin sunaye. Wannan Tanko ne don ya biyo mata, waccan Kande ce don ta biyo maza, ƙaramin Nomau ne don an haife shi lokacin noma. Mai ba da labarin kuma wataƙila ba za ta ambaci sunan ɗanta na fari ba, ko na mijinta, sai ta sakaya. Yadda ta sakaya ɗin abin rubutawa ne, domin al'adar alkunya tana raguwa, kalmominta kuma suna tafiya tare da ita.

Tambaya ta biyu, yaushe aka ɗauka, za ta fito da kalandar da babu ita a bangon ofis. Da yawa daga iyayenmu takardunsu na ɗauke da kalmomin Faransanci “né vers”, wato an haife shi wajajen shekara kaza, don ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Amma ba su rasa lissafi ba. Suna auna shekaru da abin da ya faru: kafin farin 1973 da 1974 ko bayansa, shekarar El Buhari, wato yunwar 1984 zuwa 1985 da ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, shekarar da aka karya darajar sefa a 1994, ko shekarar da rana ta yi husufi a watan Maris na 2006. Waɗanda suka fi tsufa sun ji labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, daga bakin nasu iyayen. Sunayen da jama'a ke laƙaba wa shekarun wahala fage ne na nazarin ma'ana da hikimar sarrafa harshe, kuma sukan bambanta daga gari zuwa gari.

Tambaya ta uku, mene ne wannan, ita ke kawo kalmomin da ke mutuwa. Sunan zanen da ke jikin yarinyar, da sunan kitson, da sunan tsagar da ke kumatun yaron, wadda a da ke nuna Bagobiri ne ko Bakatsine, yanzu kuwa wanzamai sun rage yin ta. Idan akwai tabarma ko faifai ko igiya a hoton, ga ƙamus ɗin sana'ar kaba nan gaba ɗaya, sana'ar da mutanen Gulbin Kaba suka daɗe suna ci da ita. Idan hoton makaranta ne, ga kalmomin aro daga Faransanci, irin su lakwal da mushe, waɗanda suka raba Hausar Nijar da ta Najeriya. Idan aka zo kan kuɗin da aka biya mai hoto, za a ji dala da jikka, lissafin da ɗan Kano zai tsaya yana tambaya. Sannan ga wasanni: langa da carafke da tashe da ƴar tsana, kowane da dokokinsa da kalmominsa.

A rubuta kamar yadda aka faɗa

Nan ne nake sa ran saɓani da wasu ƴan uwana ɗalibai, wataƙila har da wasu malamanmu. An horar da mu a kan daidaitacciyar Hausa, hannunmu kuma ya saba da gyara. Idan kaka ta ce “sunka”, alƙalami na ƙaiƙayin ya rubuta “suka”. Ina ganin a cikin kundin ƙuruciya wannan gyara ɓarna ce. Daidaitacciyar Hausa tana da gurbinta a littafin aji da jarida da takardar hukuma, kuma wannan maƙala da ita aka rubuta ta. Tun da Dokar Sake Gina Ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, buƙatar daidaitawa za ta ƙaru. Wannan ne ma ya sa nake ganin lokacin adana kare-karen harshe ya yi. Duk harshen da ya shiga ofis da makaranta yakan matse kare-karensa, kamar yadda Faransancin Paris ya yi wa harsunan lardunan Faransa. Idan za a tsara ƙamus da littattafan karatu na Hausar Nijar, da me za a tsara su in ba a tara abin da mutanen Tasawa da Mayahi da Dakwaro da Madawa ke faɗa ba? Wanda bai kawo hatsinsa masussuka ba, ba zai yi ƙorafin an auna babu shi ba.

Saboda haka shafin kundi ya kasance da hawa biyu. A sama, maganar mai labari kamar yadda ta fito, da ƙa'idojin rubutun da muka koya amma ba tare da sauya kalma ko siga ba. A ƙasa, bayanin mai rubutu da daidaitacciyar Hausa, inda zai fassara kalmar da ta yi wuya, ya faɗi abin da ya lura da shi. Kada a gauraya muryoyin biyu. Jikan da zai buɗe littafin nan da shekara arba'in yana da haƙƙin ya san wace magana ce ta kakarsa, wace ce ta ɗalibin da ya rubuta.

Ƙorafe-ƙorafen da suka cancanci amsa

Na farko na addini ne. Akwai gidajen da ba sa son ajiye hoton mai rai, bisa fahimtar malaman da suke bi, kuma ba aikin ɗalibi ba ne ya je gidan mutane yana jayayya da su a kan wannan. Kundin ba ya rushewa don babu fuska a ciki. Ana iya manna ƙyallen tsohon zane, ko takardar sakamakon makaranta, ko wasiƙar ajami da ɗan ci-rani ya aiko, ko zanen fasalin gidan da aka tashi a ciki, da inda rumbu yake da inda turken awaki yake, ko hoton gawon da ke gonar gado. Kowane ɗaya daga cikinsu zai jawo labari kamar yadda fuska za ta jawo.

Na biyu na sirri ne, kuma shi ya fi nauyi. Tsohon hoto kan tono abin da gida ya binne: auren da ya mutu, ɗan da ya tafi bai dawo ba, asalin da ba a son a ambata. Hotunan mata kuma ba abin yawo da su ba ne. Ƙa'idar a nan a fili take. Kundin mallakar gidan ne. Ba a ɗaukar maganar kowa sai da saninsa da yardarsa, ba a sa hoton kowa a Facebook don an same shi a akwati, abin da za a kai jami'a kuma sai wanda masu shi suka amince, a cire sunaye idan sun buƙata. Idan tsohuwa ta ce a kashe na'ura, a kashe. Amana ta fi kowane bayani tsada, domin ɗalibi ɗaya da ya ci amana ya rufe wa na bayansa ƙofar gari.

Na uku, za a ce tuni ba shi da tabbas, tsofaffi na mantuwa, suna kuma ƙawata zamaninsu. Haka ne, kuma ɗan tarihi dole ya auna kowace riwaya da wata. Amma ga mai nazarin harshe, ko da an yi kuskuren shekara, jimlar da aka faɗi kuskuren da ita sahihiya ce. Idan ƴan uwa biyu suka saɓa a kan hoto ɗaya, a rubuta duka biyun, kowace da sunan mai ita.

Na huɗu, za a ce wannan shagalin masu ƙoshi ne, a yankin da ya sha yunwar 2005 kuma har yanzu yake fama da tsadar hatsi. Kayan aikin dai littafin rubutu ne mai kauri da fensir da wayar da ke aljihunmu. Kuma talaka ya fi kowa buƙatarsa. Sarakuna suna da maroƙa da makaɗan da ke riƙe musu jerin sunaye. Kaburburan Voulet da Chanoine, sojojin Faransa da suka ƙone garuruwa a kan hanyarsu kafin a kashe su a Yulin 1899, suna nan a Maijirgi, an kuma rubuta littattafai a kansu. Mutanen da suka gudu daga gabansu fa, da waɗanda ba su samu gudu ba, wa ya rubuta sunayensu? Abin da ya rage na labarinsu yana bakin jikokin jikokinsu, kuma irin wannan zama a kan tabarma ne kaɗai zai fito da shi.

Yadda za a kama aikin

A fara da wanda ya fi tsufa a gida, domin shi ne jiran ba zai yi wa kyau ba. A ɗauki hoto ɗaya a zama ɗaya, a bar mai labari ya yi ta zuba, kada a katse shi da jerin tambayoyi. A ɗauki muryar, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, su kuwa suna cikin abin da ke bambanta kari da kari. A kan kowane shafi a rubuta wanda ya yi magana, da garinsa, da kimanin shekarunsa, da ranar da aka zauna. Kada a rubuta da biro a bayan hoto, kada kuma a shafa masa gam. A yanka ƴan kusurwoyi na takarda a saƙala shi. A sake ɗaukar kowane hoto da waya a cikin inuwa mai haske, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Littafin kansa a naɗe shi a ajiye a sama, nesa da ƙasa da bangon da ke tsattsafo.

Kada a manta da masu hoto na da. Duniya ta san Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venis a 2007, kuma abin da suka ɗauka shi ne irin abin da masu hoton garuruwanmu suka ɗauka: samari da ƴan mata da kayan Sallah. A Mbuda ta Kamaru, wani shiri na Laburaren Birtaniya ya kwafe dubban finafinan hoto na Jacques Toussele kafin su lalace. Duk tsohon mai hoton da ya rage a Tasawa ko Mayahi, da shi da buhun finafinansa, ya cancanci a ziyarce shi tun yana iya faɗin wane ne wane.

Ga malamanmu kuma ina da roƙo. A karɓi irin wannan kundi a matsayin aikin fili da ake ba maki, a kuma tanadi wurin ajiye kwafin muryoyin da iyalai suka yarda a ajiye. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage: cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa a 1968, da cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni sun daɗe suna tara adabin baka da rubuce-rubucen ajami. Abin da ya fi yawa a irin waɗannan taskoki shi ne tarihin sarauta da yaƙi da malanta. Maganar yara da mata da rayuwar tsakar gida ita ce giɓin da ɗalibai za su iya cikewa, domin su ne ake buɗe wa ɗakin da ba a buɗe wa baƙo. Idan ɗalibai talatin suka dawo daga hutu kowanne da bayanin hoto goma, sashe ya samu matani ɗari uku daga garuruwa daban-daban, abin da zai ishi kundin digiri da yawa.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu iya magana, amma sai da wanda zai nuna maka abin da kake waiwayen. Hutu mai zuwa, kafin a zauna hira da abokai, a nemi mabuɗin akwatin, a shimfiɗa tabarma kusa da kaka, a miƙa mata hoton farko, a tambaye ta: “Wace ce wannan?”